Maganar da Na Faɗa wa Ɗana a Shekarar Korona

TAMBAYA

Malam, ina roƙon a sakaya sunana. Ni magidanci ne a ƙasar Kiru, sana'ata hatsi. Ina shiga ƙauyukan Doguwa in sayo masara in kawo Kwanar Dangora, wani lokaci in wuce da ita Dawanau. Matata ɗaya, 'ya'yanmu shida.

Babbansu, wanda ba na kama sunansa saboda sunan mahaifina gare shi, na kai shi karatun allo wata tsangaya a jihar Kaduna yana ɗan shekara tara. A shekarar korona, cikin azumi, aka kwaso su a mota aka dawo da su Kano. Aka killace su kusan mako biyu, aka ɗauki gwaji ta hancinsu, sannan aka sallamo shi. Lokacin shekararsa goma sha biyu. Ya iso gida ana saura 'yan kwanaki sallah, ya rame, ba ya son magana, kullum yana ɗakin tsohuwata, don ita ta yaye shi kuma a wurinta yake kwana tun yana ƙarami.

Bayan sallah da kamar mako guda tsohuwa ta kwanta da zazzaɓi da tari, da ma tana da hawan jini. Ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abarsa. Ni kuma a lokacin kulle ya cinye mini jari, ga bashin mutane a kaina, ga maƙwabta suna ta ƙus-ƙus cewa almajirai ne suke yawo da cutar. Ranar sadakar uku na shigo gida na tarar da shi a ƙofar ɗakinta yana kuka. Ban san lokacin da na ce masa, "Kukan me kake yi, bayan kai ka kwaso mana ita?" A gaban uwarsa da ƙannensa na faɗa.

Bai ce uffan ba, kuma tun daga ranar ya canza. Yanzu shekararsa goma sha bakwai, yana wurin kawunsa a Tudun Wada yana aiki a injin shinkafa. Sai da sallah yake zuwa, ya durƙusa ya gaishe ni ya tashi. Yana yi wa uwarsa aike, amma ko sisi ba ya karɓa daga hannuna. Kawunsa ya ce yaron kirki ne, ba ya wasa da aiki, sai dai ba ya shiga mutane, wani dare ma ba ya barci, allon kuma ya jingine shi. Uwarsa ta ce sammu aka yi don a raba mu. Wani abokina ya ce in bincika ko ƙwaya ce. Na karɓo rubutu, na sa an yi addu'a. Malam, me yake damun yaron nan? Kuma ya dace uba ya nemi gafarar ɗan da ya haifa? Ba zai raina ni ba?

Daga wani uba a Kiru.

AMSA

Allah ya ji ƙan mahaifiyarka Inna, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Malam, a ganina ka riga ka san abin da yake damun yaronka, tun da ga shi ka rubuto shi da hannunka, har da ranar da wurin da waɗanda suke tsaye. Mutum ba ya riƙe magana shekara biyar daram haka sai in tana cin sa. Don haka ba zan ɓata maka lokaci da kewaye-kewaye ba. Amma kafin a zo kan gafara, akwai tambayar da ba ka yi ba, wadda nake zaton tana maƙale a ƙasan zuciyarka, kuma in ba a warware ta ba duk haƙurin da za ka ba shi zai fito da rauni: shin da gaske shi ya kawo ta?

Mu bi kwanakin. Ranar 11 ga Afrilu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano, ranar 16 ga wata aka fara kulle. Azumi ya kama ranar 24. Tun kafin a fara jigilar almajirai gadan-gadan, masu haƙar kabari a cikin birni suka soma cewa gawarwakin da ake kawo musu sun wuce ƙa'ida, galibi dattawa. Daga baya, a watan Yuni, Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce bincikensu ya ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya sa wa Kano cikakken kulle. A farkon Mayu gwamnatin Ganduje ta sassauta, ta ware Litinin da Alhamis don a fita cefane, kuma duk wanda ya ga kasuwanni a waɗannan ranaku ya san kafaɗa na gugar kafaɗa. A wannan tsakanin ne, ranar 2 ga Mayu, masarautar Rano, wadda Kiru take ƙarƙashinta a lokacin, ta yi rashin sarkinta, Alhaji Tafida Abubakar Ila, cikin jerin manyan da suka tafi a makonnin nan, Allah ne masanin sababin kowa. Aka yi sallar idi ranar 24 ga Mayu, aka yi gaishe-gaishe.

To ka duba gidanka a wannan wata. Kai ɗan kasuwa ne, kana fita. Baƙin sallah sun shiga ɗakin Inna, don ba a zuwa gida a ƙi gaida tsohuwa. A cikinku duka, mutum ɗaya ne aka tsare mako biyu aka kuma yi masa gwaji kafin ya taka ƙofar gidan, shi ne wannan yaro. Gaskiya ne yara suna iya ɗaukar cutar ba tare da ta nuna a jikinsu ba, amma manya ma haka ne. Ita kuma Inna, bisa abin da ka rubuto, ba a gwada ta ba. Tsohuwa mai hawan jini da zazzaɓi da tari a farkon damina, abubuwa da yawa suna iya kayar da ita. Babu likitan da zai iya nuna yaronka ya ce shi ne. Kuma ko da a ce shi ne, ɗan shekara goma sha biyu da gwamnonin Arewa suka yanke shawara a kansa, aka loda shi a mota ba da shawararsa ba, wane laifi ne nasa? Kai da kanka ka san ajali ba ya jiran almajiri.

Yanzu mu koma kan abin da ya same shi. Ka lissafa abin da yaron nan ya rasa cikin wata guda. An raba shi da malaminsa da abokan karatunsa ba sallama. An kai shi sansani, ma'aikata sun rufe jikinsu ruf ba a ganin fuskarsu, suna zura masa abu a hanci. Ƙasar Kiru ma tana cikin wuraren da gwamnati ta killace almajirai a lokacin, tare da Ƙaraye da Gabasawa, saboda haka mutanen yankinku sun ga wannan da idonsu. A rediyo ana ta ambaton almajirai da korona a jimla ɗaya. Ya dawo unguwa ana kauce masa. Sai wuri ɗaya tak da ya rage masa a duniya, ɗakin kakarsa, shi ma aka rufe.

A nan nake so ka tsaya ka yi tunani, domin abin ya shafi yadda gidajenmu suke. Ɗan fari a ƙasar Hausa yakan tashi cikin alkunya. Uba ba ya kama sunansa, uwa ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ko ɗaukarsa ba ta yi in da idon surukai. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kuma al'adar ba ta bar yaron haka nan ba, ta ba shi madadi. Kaka ce take ce masa "maigidana", ta ɓoye masa ƙanzo da ƙuli-ƙuli, ta tsokane shi ya rama. Kawu yana nan, gwaggo tana nan, ga dandali, ga makaranta. An rarraba aikin jan yaro a jiki ga mutane da yawa, uba ya ɗauki ciyarwa da tsawatarwa. Tsarin yana tafiya muddin mutanen nan suna nan. Korona ta zo ta rufe makarantu tun daga ƙarshen Maris har zuwa Oktoba, ta taƙaita ziyara, ta ɗauke tsofaffi. A gidaje da yawa sai aka wayi gari uba da ɗa suna fuskantar juna ba kowa a tsakani, ga yunwa, ga zafi, ga fargaba, kuma ba wanda ya taɓa koya musu yadda za su yi hira. Ina jin da za ka tuna da kyau, maganar nan tana cikin 'yan jimlolin da ka taɓa faɗa masa kai tsaye waɗanda ba aike ba ne ba kuma umarni ba. Shi ya sa ta yi nauyi haka.

Yaro a wannan shekarun ba ya tace maganar ubansa. Babba in an faɗa masa baƙar magana yakan ce ɓacin rai ne, gobe ya wuce. Yaro kuwa hukunci yake ɗaukarta. Da ma yara suna da saurin ɗora wa kansu laifin mutuwar da ta faru kusa da su ko ba wanda ya ce musu komai, balle a ce wanda ya fi kowa girma a idonsu ya tabbatar musu. Ina kyautata zaton yaronka ba fushi yake yi da kai ba kamar yadda kake tsammani. Ya yarda da abin da ka faɗa ne. Wanda ya yarda shi ya kashe kakarsa, ya kuma jawo wa ubansa maraici, da wane ido zai miƙa hannu ya karɓi kuɗinka? Gaisuwar da yake yi ya tashi da sauri, da nisan da ya yi da gida, da ƙin karɓar kyauta, duk sun fi kama da mai jin bai cancanta ba fiye da mai raini. Ɗan da ya raina uba ba ya durƙusawa, kuma ba ya tunawa da uwarsa a ranar biyan kuɗi.

Batun sammu, ka yi wa maiɗakinka uzuri. Ta tsaya tsakanin mijinta da ɗanta shekara biyar, ba ta iya cewa kai ne, ba ta iya cewa shi ne, sai ta nemo wani na uku da ba a gani. Addu'a kuwa a ci gaba da ita, ba ta taɓa yin yawa ba. Amma inda sababi yake a fili ba a tsallake shi a tafi neman ɓoyayye. Batun ƙwaya ma ban ga alamarta a wasiƙarka ba. Mai shaye-shaye yakan yi wasa da aiki, kuɗi ba sa zama a hannunsa, abokansa sukan canza, kawunsa da yake kwana da shi gida ɗaya da tuni ya gani. Kada ka je Tudun Wada da wannan zargi a bakinka, domin zai zama ƙazafi na biyu a kan na farko.

Abin da ya fi dacewa a sa wa ido shi ne rashin barcin nan da janyewa daga mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a watan Maris 2022 cewa ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari a duniya a shekarar farko ta annobar, kuma matasa suna cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Ba zan ce maka ɗanka yana da ciwon damuwa ba, don ba a gane ciwo ta wasiƙa. Amma ka roƙi kawunsa ya lura: yana cin abinci? Yana ramewa? Yana firgita cikin dare? Yana yawan cewa shi ba shi da amfani? In waɗannan suna nan kuma sun daɗe, a kai shi babban asibiti mafi kusa a yi wa likita bayani, in da buƙata za a tura ku sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau, garin da ka saba kai masara. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma ciwon yana jin magani. In kuwa aka taɓa jin ya ce gara ya mutu, ko ya yi maganar cutar da kansa, to ranar za a tafi, ba a jiran gobe, kuma ba a barinsa shi kaɗai.

Sai tambayarka ta ƙarshe, ko ya dace uba ya nemi gafarar ɗansa. Ya dace, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wane maniyyaci ne yake hawa mota zuwa sansanin alhazai bai tara iyalinsa ya ce su yafe masa ba? Wane dattijo ne yake jin jiki ya yi nauyi bai kira 'ya'yansa ya nemi afuwarsu ba? Ba a taɓa cewa girmansu ya zube ba. Abin da kawai muka saba shi ne jinkirta ta sai an ga hanya ko an ga kabari. Haƙƙin ɗan'adam kuwa ba ya faɗuwa don wanda aka zalunta ɗanka ne. Ka tuna labarin Aƙra'u ɗan Habis, da ya ga Manzon Allah (SAW) yana sumbatar jikansa Hasan ya yi mamaki, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka nuna masa cewa wannan ba abin alfahari ba ne. Ka kuma tuna ƙanin Anas, ƙaramin yaron da ɗan tsuntsunsa ya mutu, Manzon Allah da kansa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. In baƙin cikin yaro a kan tsuntsu ya isa a tsaya masa, ina ga na kaka?

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma haka ne, ba za ka mayar da ita inda ta fito ba. Amma ana sake jinka a toshe wurin, kuma wanda ya zare shi ne zai hau. Kawu ba zai iya janye maganar nan a madadinka ba, haka liman, haka uwarsa. Bakin da ya ce "kai ne" shi kaɗai yaron zai yarda da shi in ya ce "ba kai ba ne".

Ga yadda nake ganin za ka yi. Kada ka aika a kira shi, domin kiran uba a wurinsa tuhuma ce, zai zo a tsorace ya kulle bakinsa. Kai za ka je. Ka fara ganin kawun a keɓe ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru, wataƙila ma bai san jimlar ba. Sannan ka nemi aron yaron kwana ɗaya ko biyu ya raka ka sayen masara Doguwa. Na zaɓi wannan da gangan. Uba da ɗan fari ba sa iya zama ido da ido a zaure, kunya za ta shaƙe ku duka biyu. Amma a hanya, kuna gefe da gefe, kowa yana kallon gabansa, ga dajin Falgore yana wucewa, magana takan fito da sauƙi. In kun sami wurin da ba kowa, ka faɗa masa a taƙaice, da irin kalmominka. Misali: "Maganar da na faɗa maka ranar sadakar ukun Inna, ba gaskiya ba ce. Ba kai ka kawo mata ciwo ba, kwananta ne ya ƙare. Baƙin ciki ne ya sa ni, kuma na zalunce ka. Ka yafe mini."

Daga nan ka yi shiru. Kada ka biyo ta da "amma kai ma". Kada ka kawo lissafin sallolin da ya zo bai zauna ba, ko kuɗin da ya mayar maka. Kusan tabbas zai sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba." Wannan ladabi ne, kada ka ɗauka an gama. Yana iya yin kuka, yana iya yin kamar bai ji ba, yana iya ƙara yin nisa na ɗan lokaci kafin ya matso. Abin da ya kwana shekara biyar ba ya tashi a tafiya ɗaya. Kai dai ka ci gaba da zuwa, ka riƙa kiransa a waya ba don aike ba, ka tambaye shi yadda shinkafa take a bana, ka nemi shawararsa a kan farashi. Ɗan shekara goma sha bakwai da ubansa ya nemi ra'ayinsa ya san an ɗauke shi mutum. Wata rana, in ka ga ya saki jiki, ka tambaye shi yadda aka yi da su a mota da sansani. Ina zaton har yau ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Akwai rabin aikin da ya rage a gida. A gaban uwarsa da ƙannensa ka faɗa, don haka su ma sai sun ji an janye. Ƙananan nan sun tashi da labarin cewa yayansu ne ya kawo ajalin kakarsu, kuma ba ka san ranar da ɗayansu zai jefa masa ita cikin faɗa ba. Ba sai ka tara taro ba. Bayan cin tuwon dare, yana nan ko ba ya nan, ka ce musu abin da ka faɗa a shekarar korona kuskure ne, kuma ba ka yarda kowa ya sake maimaita shi ba. In da wani abu na Inna da ya rage, carbinta ko buzun sallarta, shi ya fi cancanta da shi. Ku je kabarinta tare ku yi mata addu'a, domin ka katse masa kukanta a tsakiya, bai ƙarasa ba. Allo kuwa ka ƙyale shi tukuna. Karatun ya haɗu da motar nan da sansanin nan a ransa, in zuciya ta kwanta shi da kansa zai nemo shi, kuma makarantun dare suna ko'ina.

Kai ma ban manta da kai ba. Uwa ka rasa, a lokacin da ta'aziyya ta zama abin tsoro, jarinka ya karye, masu bashi suna sallama. Namiji a wurinmu ana ba shi kwana uku ya yi shiru a kan tabarma, sannan a ce ya tashi ya nemo abinci. Ba mamaki baƙin cikin ya fita ta inda bai kamata ba. Wannan bai wanke maganar ba, amma ya isa ya hana ka ɗaukar kanka mugun uba. Ka sami amini ko malamin da ka yarda da shi ka yi masa maganar Inna, ba maganar yaron kaɗai ba.

Ga sauran masu karatu, wannan wasiƙa ba ta mutum ɗaya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma annoba ba ta yi sallama da mu ba. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma yara ne aka fi killacewa. A kai yara rigakafi, a kai marar lafiya asibiti da wuri. In ciwo ya shiga gida har ya yi ɓarna, kada a nuna yaron da ya fara kwanciya a ce shi ya kawo, ko da wasa, ko a bayan idonsa, domin ƙannensa suna ji.

Malam, kada ka jira sallah ta kawo shi. Ka shirya cikin makon nan ka tafi Tudun Wada, kuma in Allah ya sa kun yi maganar, ka rubuto mana mu ji yadda aka kwana. Allah ya daidaita tsakaninku.